Dalmar mai nutso: a auna ta kafin a saya

Idan damana ta yi nisa, wanda ya bi babbar hanya daga Damagaram, ya wuce Mirriya, ya nufi Hamdara da Gidimuni, zai ga ruwa kwance cikin fadamu da tabkuna da ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Ruwan nan albarka ne ga mai garka da makiyayi da masunci, amma shi ne kuma yake cin yaron da ya je wanka, ko matafiyin da ya raina zurfin kwari. Ranar da haka ta faru ba a jiran kowa daga birni. Akan ruga a kira wanda aka sani da iya kurme, masunci ko mai yasar rijiya, ya tuɓe riga, ya cika ƙirji da iska, ya shiga lalube cikin duhu. Minti guda ko biyu ne iyakarsa, sai ya taso.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan wata rana wata ƙaramar hukuma, ko ƙungiyar agaji, ko attajiri mai neman lada, ya ce a sayo wa irin waɗannan mutane kayan nutso na zamani: tulun iska da ake goyawa a baya da bututun shaƙa, irin waɗanda Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka fito da su a shekara ta 1943, da kuma gilashin fuska. Ma'aikacin da zai rubuta takardar oda, da ɗan kasuwar da zai kawo kayan daga Lome ko Legas, duk idonsu zai tafi bisa tulun, da yake shi ne mai tsada. Abin da za a tura ƙarshen takarda, cikin "da sauransu", ita ce dalmar da mai nutso yake ɗaurawa. Alhali kuwa cikin kayan duka ita kaɗai ce aikinta ta ja mutum ƙasa.

Jikin ɗan Adam, in huhu yana cike, ruwa yakan ɗaga shi. In ya sa rigar roba mai tsare sanyi, wadda take cike da ƙananan ƙofofin iska, sai ya koma kamar gora, ko ya yi ta fama ba zai nutse ba. Dole sai da nauyi. Mutanen da can sun san haka. Masu kurmen neman lu'ulu'u a Tekun Fasha, wajen Baharain da Katar, waɗanda da yawansu ƴan asalin Afirka ne, da dutse suke sauka har wajen shekarun 1930, lokacin da sana'ar ta durƙushe. Dutsen yana ɗaure da igiya, mai kurme ya maƙala ƙafarsa, dutse ya kai shi ƙasa, da isarsa ya saki, abokinsa na cikin jirgi ya janye. Abin lura shi ne ba su ɗaure dutsen a jikinsu ba. Sun ari nauyinsa ne don sauka, suka rabu da shi tun kafin ya zame musu kaya.

Dalilin da ya sa dalma ta gaji dutse lissafi ne da kowane mai sikeli zai gane. Duk abin da ya shiga ruwa yana rasa nauyi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Dutse irin na Birnin Damagaram mai kilo 10, in ya shiga ruwa bai fi kilo 6 da ɗan wani abu ba. Dalma mai kilo 10 kuwa tana nan da kilo 9, ga ta ƙarama, don ta ninka ruwa nauyi sau 11. Ba ta tsatsa, ba ta cika wuri.

To, kilo nawa za a ɗaura? Nan ne kayan da aka sayo daga bakin teku suke yaudara. Litir guda na ruwan tabki kilo guda ne, na ruwan teku kuwa, saboda gishiri, ya ɗara da giram 25, wato kashi ɗaya cikin arba'in. Mai sayar da hatsi ya san wannan lissafi da ka: tiya guda ce cikin buhu. Mutumin da shi da kayansa suka kai kilo 100, in an daidaita masa dalma a teku, aka kawo shi tabkin Gidimuni da ita, to ya shiga ruwa da rarar tiya guda ta dalma a ƙugu. Wannan ma in rigarsa ba ta sake ba. Ƙa'idar da ake yawan faɗa, wai dalma ta kai kashi goma cikin ɗari na nauyin mutum, an yi ta ne don mai shiga ruwan gishiri da riga mai kauri. Masuncin da ya shiga ruwan ɗumi na watan Satumba da gajeren wando, tulun ƙarfe a bayansa, kaɗan yake bukata, wani ma kusan babu. Shi ɗin dai, in ɗari ya sauka a Janairu ya sa rigar roba, sai an sake awo.

Akwai kuma abin da ba ya zuwa ran mutane: iska ma tana da nauyi. Tulu mai litir 12, in an matsa masa iska ninki 200, yana ɗauke da litir 2.400, wato kusan kilo 3. Yayin da mai nutso yake shaƙa yana fitarwa, nauyin nan yana raguwa, sai ya gama aiki ya fi yadda ya fara sauƙi da kilo 2 ko fiye. Wanda dalmarsa ta yi kaɗan, a ƙarshen aiki ruwa zai ɗaga shi ko bai so ba. Tulun alminiyom ya fi na ƙarfe wannan hali, don in ya kusa ƙarewa shi kansa tasowa yake yi.

Awon gaskiya cikin ruwa ake yin sa, kusa da gaɓa, gaban malamin da ya san aikin. Mai nutso ya shiga da kayansa duka, ya fitar da iskar da ke cikin falmaran ɗin da ake hurawa don ta ɗaga shi, ya ja numfashi irin na kullum ya riƙe. In ruwa ya tsaya masa daidai ido, kuma da ya fitar da numfashi ya soma nutsewa sannu, awo ya yi. In da cikakken tulu aka gwada, sai a ƙara kamar kilo 2 saboda iskar da za ta ƙare.

Sai maganar yadda za a ɗauki dalmar. Tsohuwar hanya ita ce ɗamara mai faɗin yatsu uku, a zura mata dunƙulen dalma na kilo guda-guda ko bibbiyu, da maɓalli a gaba wanda hannu ɗaya yake buɗewa. Tana ƙuntata wa ƙugu, takan juya in ba a matse ta ba, mai tumbi kuma takan zame masa. Don haka kamfanoni suka fito da falmaran mai aljihun dalma a kowane gefe, a ja hannu aljihu ya fita. Ta fi daɗin ɗauka, kuma ana iya yar da rabi a bar rabi. Aibinta shi ne kowane kamfani da irin maɓallinsa, wani a ja, wani a matsa sannan a ja, kuma in ta tsufa aljihu yakan faɗi da kansa. Gwanjon irin wannan, wanda ba a san shekarunsa ba, araha ce da ba ta ado. Akwai kuma masu ɗaure farantin ƙarfe a baya, wanda ba ya cirewa cikin ruwa sam. Wannan na gwanaye ne masu aikin zurfi, ba shi da wuri a takardar odar ƙaramar hukuma.

Ga ruwa irin na ƙasar Hamdara, ɗamara ce ta fi dacewa. Ruwa ne mai laka, ba a ganin tafin hannu, ga bado da saiwoyi, ga tsohon taru da masunta suka bari. Wanda dalma ta yi wa yawa, da ya taka ƙasa sai taɓo ya riƙe shi. A irin wannan duhu hannu ne ido, kuma maɓallin da ke bisa cibiya kowa ya san inda yake, har wanda ya zo ceto bai taɓa ganin kayan ba. Sharaɗi dai kada wani maɗauri ya bi ta kanta, kada a ƙulle bakinta da ya yi saura, kada kuma a ɗaure mata igiyar da mutanen gaɓa suke riƙe da ita. In an yi haka, ranar da ya saki ɗamara sai a jawo dalma a bar mutum. Binciken da likitocin nutso suka yi a Ostireliya da Amurka ya nuna mafi yawan waɗanda suka mutu an tsamo su ne da dalmarsu a ɗaure, wasu ma sun riga sun taso bisa ruwa kafin ta sake mayar da su.

Amma faɗuwar dalma ba da niyya ba ita ma musiba ce, kuma ta fi kusa da gwanayen kurme. Iskar da aka shaƙa daga tulu a zurfin metir 10 tana ninka girmanta biyu kafin a kai sama. Mai kurme ya saba tun yana yaro ya riƙe numfashi har ya taso, kuma hakan daidai ne, don iskar sama ya sauka da ita. In ya yi haka da iskar tulu, huhu yana iya tsagewa, ko da daga zurfin metir 2 ne. Ke nan ranar da ɗamara ta zame, ruwa ya cilla shi sama, al'adar da ta tsare ransa shekara ashirin ita ce za ta cuce shi. Wannan ba ya gyaruwa da karanta takardar da ke cikin kwali. Sai malami ya sa shi ya maimaita har jikinsa ya saba: a taso sannu, kamar metir 10 cikin minti, numfashi yana fita, ba a yar da dalma sai rai ya zo wuya ko an riga an kai sama.

Wani ɗan kasuwa zai ce don me za a biya kuɗin jigilar dalma daga bakin teku, ga tsofaffin batiran mota jibge a tasha, ga maƙera. Gaskiya ne zubin ba shi da wuya. Sai dai hayaƙin dalma da ƙurarta guba ne da ba ya wari, kuma yara ya fi kamawa. A Thiaroye, kusa da Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 a unguwar da ake fasa batir ana fitar da dalma. A Zamfara, cikin 2010, ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Dunƙulen da aka zuba a masana'anta aka lulluɓe da roba shi ya kamata a sa cikin oda, kuma a ajiye shi inda yaro ba ya kaiwa.

Ma'aikacin da takardar ta biyo ta teburinsa yana da hurumin ya mayar da ita in bai ga layi uku ba. Na farko ɗamara iri ɗaya ga kowa, don hannun kowa ya saba da maɓalli guda. Na biyu dalma ƙanana, masu kilo guda da rabin kilo, don a iya ƙari da ragi, maimakon manyan dunƙule masu kilo 3 da dillali yake son rabuwa da su. Na uku kuɗin malamin da zai zo ya auna kowane mutum cikin ruwan da zai yi aiki, ya rubuta kilonsa jikin ɗamararsa, na damana daban, na ɗari daban.