Ƙofar Da Ba A Gani Ita Ma Tana Son Sakata

Babu magidancin kirki da zai kwanta barci ƙofar zaurensa a buɗe. In an yi sallar lisha, yara sun shigo, sai ya tura ƙyaure, ya sa sakata, sa'an nan ya shiga ciki hankalinsa kwance. Wannan al'ada tun kaka da kakanni muka gaje ta. To, amma ga shi zamani ya ɓullo mana da wata ƙofa cikin gidajenmu wadda ba ta da ƙyaure, ba a kuwa ganinta da ido, yawancinmu kuma mun bar ta a hangame dare da rana. Ƙofar nan ita ce 'yar na'urar nan mai ƙananan fitilu da akan ajiye bisa tebur, mai rarraba intanet ga wayoyi da kwamfutocin gida, wadda masu sayarwa ke kira rauta, ƙaramarta ta aljihu kuwa MiFi.

Kukan da muka fi ji a bakin jama'a game da ita iri biyu ne. Waɗansu su ce intanet ɗinsu ba ya gudu, ko kuwa yana yankewa. Waɗansu su ce sun sayi data ta wata guda, ga shi ta ƙare cikin mako ɗaya. Nan da nan sai a ɗora wa kamfanin sadarwa laifi. Ba mu ce kamfanoni ba su da nasu laifi ba, suna da shi, kuma ba za mu fasa faɗa musu ba. Amma fa sau da yawa cutar tana cikin gida, mai gida kuwa yana iya gano ta da kansa in ya bi abin daki-daki.

Da fari a duba wuta, gama wutar lantarkinmu ba ta da tabbas, wayar caji ma takan saki ba a lura ba. In fitilun na'ura na ci, a duba ko da sauran data. Bayan wannan a kashe ta, a dakata kamar rabin minti, a sake kunnawa. Wannan kaɗai yakan warkar da matsaloli masu yawa. In abin ya ƙi, a gwada wata waya ko wata kwamfuta. Idan ɗaya ta samu ɗaya ba ta samu ba, ka san laifin na wadda ba ta samu ba ne. In duka sun rasa, sai a koma kan rauta ko kan kamfani. A lura kuma da inda aka ajiye ta. Bangon siminti, da ƙofar ƙarfe, da kwanon rufi duk suna rage mata ƙarfi, saboda haka a tsakiyar gida ya kamata ta zauna, a wuri mai ɗan tudu, kada a cusa ta bayan talabijin ko cikin kabad. Yawancin na zamani tasha biyu gare su: mai lamba 2.4 ta fi nisan zango da ratsa bango, mai lamba 5 ta fi gudu amma sai a kusa.

In an yi duk wannan data ba ta daina zurarewa ba, to, lokaci ya yi da mai gida zai leƙa ya ga su wane ne ke ci a akushinsa. Kowace rauta tana da shafin sarrafawa, adireshinsa na rubuce a ƙarƙashinta ko cikin takardar da ta zo da ita, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. A cikin shafin akwai jerin dukan na'urorin da ke haɗe da ita. Mutumin da ke da waya huɗu a gidansa, in ya tarar da goma sha biyu, ya san inda datarsa ke tafiya. Sau da yawa yaron gida ne ya ba abokinsa kalmar sirri, aboki ya ba nasa abokin, har ta game unguwa. Da ɗan gari akan ci gari.

A nan ne muke so jama'a su buɗe kunne, domin asarar data ita ce ƙarama cikin asarorin. Rauta mabuɗi biyu gare ta. Na ɗaya shi ne kalmar sirrin da ake ba mutum ya hau intanet. Na biyu shi ne na shiga shafin sarrafawan nan, shi ne kuwa mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Masana'antu da dama sukan fito da dubban na'urori da mabuɗi iri ɗaya, kamar admin ko 1234, kowa kuwa yana iya samun jerinsu a intanet. Wanda ya riƙe mabuɗin nan na biyu yana iya karkatar da mai gida zuwa shafin banki na jabu, ko ya mai da na'urar makamin kai wa waɗansu hari, mai ita yana barci bai sani ba. A zamanin da albashi, da ciniki, da kuɗin makarantar yara duk ta waya suke bi, wannan ba abin wasa ba ne.

Kada wani ya ce tsoratarwa ce kawai. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi duniya tana ƙwanƙwasa ƙofofin rautoci da kyamarorin tsaro, tana gwada waɗansu mabuɗan masana'anta wajen sittin. Da su kaɗai ta kame na'urori dubu ɗaruruwa. Ran 21 ga Oktoba na shekarar aka tura rundunar nan kan kamfanin Dyn na Amurka, manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga ɗimbin mutane. A ƙarshen shekarar kuma aka yi amfani da irinta aka durƙusar da wani kamfanin waya na ƙasar Laberiya, nan Afirka ta Yamma, har a 2019 kotun Ingila ta ɗaure wani Bature saboda wannan aiki. A 2018 ma an gano wata mai suna VPNFilter cikin rautoci wajen 500,000 a ƙasashe 54, har hukumar FBI ta roƙi jama'a su kashe nasu su sake kunnawa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Maganin kuwa bai fi aikin kwata ɗaya na sa'a ba, ba a kuma biyan ko kwabo. A sake mabuɗan nan biyu, kowanne dabam, kowanne mai tsawo, kada ya zama sunan ɗa, ko lambar waya, ko shekarar haihuwa. A wajen zaɓen irin kulle a ɗauki WPA2, ko WPA3 wanda ya fito a 2018. Tsohon nan WEP tun 2001 masana suka nuna ruɓaɓɓe ne. A kashe WPS, a kashe kuma damar sarrafa na'ura daga nesa in ba a bukatarta. In rauta tana da tashar baƙi, a buɗe ta domin maƙwabta da masu ziyara: karimci halinmu ne, amma baƙo a zaure akan sauke shi, ba a kai shi turaka. Sa'an nan a riƙa duba ko masana'anta ta fito da sabon gyara na manhajar ciki, a sa shi. Wadda aka sayo ta hannu kuwa, a danna ɗan maɓallin nan na bayanta a mai da ita yadda ta fito, tukuna a fara aiki da ita. Wadda masu ita suka daina yi mata gyara, lokacin hutunta ya yi.

Amma ba daidai ba ne a bar wa talaka kayan duka a kansa. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci ga mai kutsawa cikin na'urar wani ba izini. Wannan ya yi kyau, sai dai hukuncin ɓarawo bayan an yi sata yake zuwa. A Ingila, tun watan Afrilu na 2024 doka ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da mabuɗi na kowa da kowa. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, da ma ita ke da ikon duba kayan sadarwa ta amince da su kafin a sayar a ƙasar nan. Muna roƙonta ta tsananta a kan wannan sharaɗi, ta kuma sa ido a kan abin da ke shiga kasuwanni. Kamfanonin da ke sayar da na'urorin su kuma su sa takardar bayani da Hausa da sauran harsunanmu cikin kowane kwali, ma'aikacin da suka aiko ya haɗa kuwa kada ya bar gidan sai mai gida ya sa mabuɗinsa da hannunsa. Gidajen rediyo da malaman makaranta su ma akwai nasu rabo wajen wayar da kai.

Kafin Hukuma ta yi nata, mu mu yi namu. Yau da dare, in ka sa wa ƙofar zaure sakata, ka juya 'yar na'urar nan ka karanta abin da ke rubuce a ƙarƙashinta. In da shi kake aiki har yanzu, ka sake shi kafin ka kwanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah ya tsare mu, ya tsare dukiyarmu, amin.