Fosta Ta Ishe Mu Haka Nan: Mu Ba Matasa Takarda Da Kyamara Su Yi Wa Garuruwansu Aiki



Duk wanda ya bi titin Gusau zuwa Tsafe, ko ya ratsa Bungudu lokacin zaɓe, ya san ba mu da ƙarancin takarda a Zamfara. Bangon makaranta, katangar asibiti, turken lantarki, har jikin itace, ko'ina fuskar ɗan takara ce. Su wa ke dama sitaci cikin dare su liƙa? Matasa. Su wa ake turawa su yage ta abokin hamayya har a fasa kawuna? Matasa. Ruwan farko na damina ya sauka, takardar ta bi kwata, shi kuma yaron ya koma inda yake, ba sana'a, ba lambar wayar maigidan.

Shawarar da nake kawowa ɓangarenmu ita ce, kafin guguwar 2027 ta taso, mu ɗauki takardar nan da kyamarar wayar da ke aljihun kowa, mu yi wani abin da zai saura. Ranar 1 ga Oktoba 2026 jiharmu za ta cika shekara 30 da ƙirƙira. A kowace mazaɓa ta Gusau, Tsafe da Bungudu, a haɗa matasa maza da mata, a nemo mai hoto na gari ya koya masu yadda ake tsayar da hannu da yadda ake kallon haske, su bazu su ɗauko garinsu. A wanke hotunan, yaran firamare da na Islamiyya su yi masu firam da kwali, su ƙawata da furannin takarda da irin zanen da ake yi wa allon zayyana, a rubuta bayanin kowane hoto da Hausa, da boko da ajami. Sai a kafa a ajin makaranta, iyaye su zo su gani.

Me za a ɗauka? Ai abin ɗauka ya yi yawa. Ga Dutsen Kwatarkwashi. Ga 'Yandoto a ƙasar Tsafe, garin malamai tun kafin jihadi, wanda yawancin yaranmu sunan kawai suka sani. Ga masu noman rani a bakin gulbin da ya ratsa Gusau da Bungudu. Ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Gusau, a kan layin dogon da ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Ga dattawan da suka yi aiki a masaƙar Gusau lokacin da take numfashi, suna nan da ransu, kuma kullum raguwa suke. Maƙera, dukawa, masu ƙuli-ƙuli, masu ɗinkin hula. Idan waɗannan suka tafi ba mu ajiye fuskarsu da labarinsu ba, wa za mu ce ya hana mu?

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: "Kai, ana kashe mutane kana maganar almakashi da gam?" To ku saurara. Babu wanda ya ce furen takarda zai tare ɗan bindiga. Tsaro haƙƙi ne a wuyan gwamnati, kuma ba za mu daina magana a kai ba. Amma ku tuna abin da yaranmu suka gani. A Fabrairu 2021 aka kwashe ɗalibai mata a Jangebe. A Satumba na shekarar aka rufe makarantu, aka katse layin waya. Yaron da ya tashi cikin wannan, wasansa ma na bindigar kara ne. Ka zaunar da shi awa biyu yana yanka, yana liƙawa, ya ga abin da hannunsa ya yi an kafa a bango mutane na yabawa, wallahi ka cire masa wani abu daga zuciya wanda jawabin siyasa ba ya cirewa.

Sannan ku rubuta Zamfara a Google ku duba hotunan da za su fito. Babura, bindigogi, gawarwaki. Wasu ne ke ɗaukar mu, su ke zaɓen abin da duniya za ta gani. A Maiduguri, Fati Abubakar ta fara 'Bits of Borno' a 2015, tana ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki a tsakiyar rikicin Boko Haram, har manyan jaridun duniya suka ɗauki labarin. A Bamako, Malick Sidibé hoton samari da 'yan matan unguwa yake ɗauka, a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a Benis ta ƙasar Italiya. Me suka fi mu? Sun dai ɗauki garinsu da daraja.

Amma fa akwai sharuɗɗa, in ba haka ba gara a bari.

Na farko, babu hoton ɗan takara, babu tambarin jam'iyya, ko namu. Wanda ya ba da gudummawa Allah ya saka masa, amma fuskarsa ba za ta hau bango ba. Ranar da aka liƙa tambari, rabin unguwa za su hana 'ya'yansu zuwa.

Na biyu, ƙofa a buɗe take ga yaran ɗaya ɓangaren da na sauran jam'iyyu. Mun ga abin da rabuwar kai ta haifar ranar 24 ga Mayu 2019, lokacin da Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC gaba ɗaya a Zamfara saboda rikicin fidda gwani. Manya sun shirya sun ɓata, sun sake shiryawa, matasa ne aka bari da gaba. Tabarma ɗaya da almakashi ɗaya na iya fara ɗinke wannan.

Na uku, mutunci da tsaro. Ba a ɗaukar mace sai da yardarta da ta gidansu, kuma mata su ɗauki mata. Ba a nuna fuskar 'yan gudun hijira don neman tausayi. Ba a ɗaukar shingen jami'an tsaro ko hanyar shiga ƙauye. A fara da zuwa wajen mai unguwa da liman, a ji shawararsu.

Batun kuɗi kuwa, kada a tsorata mu. Kwalaye na nan zube a shaguna, tsofaffin kalandu na nan a gidaje, waya na hannu. Abin saye shi ne gam, almakashi, kala da kuɗin wanke hoto. Abin da ake kashewa a fostar ɗan takarar kansila guda zai ɗauki nauyin mazaɓa. Kuma wanda ya iya hoto ya sami abin yi a biki da suna da saukar karatu, wadda ta iya ado da takarda za a neme ta wajen kamu da walima.

Iyayenmu shugabanni, kullum kuna cewa matasa ne ƙashin bayan tafiya. To ga ƙaramar jarrabawa. Shugabannin matasa na mazaɓu, kowa ya kawo wannan magana a zamansa na gaba, ya rubuto sunan makarantar da za ta ba mu aji.

Allah ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa a Zamfara, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu. Amin.