Wasiƙa ga Ma'aikatan Jinya da Aka Kora Daga Aiki

'Yan'uwa, malaman asibiti da ungozomomi,

Wanda aka miƙa wa takardar kora yakan ɗauka cewa sana'ar ce ta ƙare, alhali asibiti ba shi da ikon raba shi da ita. Lasisin da ke hannunku na Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ne, wadda dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, kuma kotun ladabtarwa da wannan doka ta tanada ce ke da hurumin soke suna daga rajista. Muddin ba a kai ku gabanta ba, kuna nan a matsayinku. Abin da kuka rasa shi ne mai tsaya muku, kuma shawarata ita ce ku nemi sabon mai shaida ta hanyar aiki, ku daina wahalar ɓoye tsohon wurin.

Na san abin da za a ce: wa zai ɗauki wanda ya faɗa da bakinsa cewa korarsa aka yi? Tambayar tana da nauyi, kuma lallai akwai masu asibitin da za su rufe fayil da jin haka. Sai dai a duba yadda duniyar jinya take ƙanƙanuwa. Matiron ɗin da za ta yi muku intabiyu a Zariya wataƙila ajinsu ɗaya a makarantar jinya da wadda ta sa hannu a takardar tuhumarku a Kano, waya ɗaya ta isa. Shekara biyu da kuka goge daga takardar bayanin aikinku ita ce farkon abin da za a tambaya, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Mai ɗaukar nas amana yake saye, domin zai bar muku makullin kabad ɗin magani da majinyata cikin dare, ba mai kallo. Ya fi sauƙin yafe kuskuren allura ko yawan makara da aka bayyana masa, a kan ƙaryar da ya tono da kansa. Ku faɗi abin da ya faru a jimla biyu ko uku, ku faɗi abin da kuka gyara, ku yi shiru. Zagin tsohuwar shugaba, ko da ta cancanta, ku yake rage wa daraja.

Shaida kuma ba daga ofishin shugaban asibiti kaɗai take fitowa ba. Sistar da kuka yi aikin dare tare, likitan da ya ga yadda kuke karɓar haihuwa, malamin da ya koyar da ku, duk suna iya rubuta abin da suka gani. Ku nemi izininsu tukuna. Daga nan ku karɓi aikin da ya samu, ko na wucin gadi ne a asibitin kuɗi ko a sha-ka-tafi na ƙauye. Wasu za su ga ƙasƙanci ne ga wanda ya fito daga asibitin koyarwa, ga albashi kaɗan. Haka ne. Amma wata shida na zuwa a kan lokaci da cike fayil ɗin majinyaci yadda ya kamata su ne za su ba ku takardar da ta fi ta kora sabunta, kuma ta ƙarshe ake fara karantawa. Masu burin fita waje ma su tuna ƙa'idar da hukumar jinya ta fitar a Fabrairun 2024, wadda ta jawo zanga-zangar nas-nas a Abuja da Legas: ta nemi wasiƙar kyakkyawan hali kai tsaye daga shugaban wurin aiki.

Idan kuwa zalunci aka yi muku, ba a ba ku damar kare kai ba, to maganar dabam ce. Ku adana takardar ɗaukar aiki da ta tuhuma da amsarku, ku je wa ƙungiyarku ta NANNM, sannan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba hurumin shari'ar aiki. Wannan shawara ta fi shafar ma'aikatan gwamnatin tarayya, don wanda aka kora ba ya komawa aikin gwamnati sai da amincewar Hukumar Kula da Ma'aikata. Shari'a dai takan ja lokaci, saboda haka kada lasisi ya mutu kuna jira. Ku halarci kwas ɗin ƙarin ilimi na dole, ku sabunta shi idan shekara uku ta cika.