Waya a hannun direba: Tsakanin tarar naira 4,000 da diyyar rai

Duk wanda ya saba hawa motar haya tsakanin Kano da Zariya ya san wannan yanayi: mota na sheƙa gudu, direba ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana latsa waya. Fasinjoji na kallo, babu mai tankawa. In Allah Ya kiyaye, a sauka lafiya. In kuwa abin ya auku, sai a ce ƙaddara ce ta riga fata.

Doka ba ta yi shiru ba. Amfani da waya a lokacin tuƙi laifi ne a Najeriya, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke da alhakin kama mai laifin. Sai dai a jadawalin da hukumar ta daɗe tana aiki da shi, tarar naira 4,000 ce, kuɗin da a yau ba su kai na litar mai biyar ba. A 2017 hukumar ta ƙara da tura irin waɗannan direbobi gwajin lafiyar ƙwaƙwalwa. Wasu ƙasashen sun fi tsanantawa. A Ingila, tun 2017 tarar ta koma fam 200 tare da maki shida a kan lasisi, sannan a 2022 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da ɗaukar hoto da duba saƙo. A Saudiyya kuwa na'urorin ɗaukar hoto ne ke kama direba, tarar ta iske shi ta wayar tasa.

Dalilin tsanantawar a bayyane yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya ninka waninsa kusan sau huɗu wajen yiwuwar yin haɗari, kuma sa abin sauraro a kunne bai rage haɗarin sosai ba, domin hankali ne ke tafiya, ba hannu kaɗai ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Wanda ya sunkuyar da kai daƙiƙa biyar don karanta saƙo ya yi tafiyar mita 140 ke nan ido rufe.

To, ina matsayin Musulmi a nan? Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tattauna haɗurran mota a zamanta na Burunai a 1993. Ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, domin yana cikin ɗa'a ga shugabanni a abin da ke kare rayuka da dukiyoyi. Ta kuma ɗora wa direba lamunin ɓarnar da ya jawo, sai fa in abin ya zo ta hanyar da ta fi ƙarfinsa, ko wanda aka buge shi ne ya jawo. Mai waya a hannu ba zai fake da wannan uzuri ba, shi ya zaɓi ya ɗauke idonsa daga titi.

A nan ne lissafi ke sauyawa. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora abu biyu a kan kisan kuskure: diyya ga iyalan mamaci, da kaffara. Diyyar raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya, wadda dangin mai laifi na wajen uba ke haɗuwa su biya cikin shekara uku. Magada na iya yafe ta, kuma a ƙasar nan galibi yafewa ake yi tun kafin a ɗauki gawa. Amma kaffara haƙƙin Allah ce, yafiyar magada ba ta kankare ta. Tunda babu bawan da za a 'yanta a yau, saura azumin wata biyu a jere, kuma a wurin mafi yawan malamai kowane rai da kaffararsa. Direban da ya halaka mutum biyar saboda amsa kira, azumin wata goma ke kansa. Direbobi nawa aka taɓa gaya wa haka a tasha?

Wani abin takaicin shi ne, kyakkyawar niyya ma kan shigo ciki. Akwai mai tura addu'ar safiya a WhatsApp yana tuƙi, akwai mai laluben karatun tafsiri a waya a tsakiyar titi. Kyan abin da ake nema bai sauya hukuncin yaron da aka take ba.

A ganina ƙara tara daidai ne, amma jami'in hanya ba ya cikin mota lokacin da waya ta yi ƙara. Fasinja ne ke ciki, kuma ransa ne a hannun direban, don haka cewa "Malam, don Allah ajiye wayar nan" ba rashin kunya ba ne. Haka uwargida ko maigidan mota da ya kira, ya ji ƙugin inji da iska a bayan muryar direba, zai iya cewa "kira ni in ka tsaya", ya kashe.