Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Noman Ganyen Magani na Beri

Iyayena da 'yan'uwana masu sana'ar magani,

Tunda saiwa da sassaƙe suka fara wuya a daji, wasunku sun koma shuka zogale da shuwaka da ɗoɗɗoya da tazargade a bayan gida da bakin fadama. Madalla da wannan. Roƙona ɗaya ne: kada ku yi musu noman masara.

Masara na son yuriya, domin kashi 46 cikin 100 na buhunta naitirojin ne, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar. Shi kuwa ganyen magani, in aka cika masa taki sai ya yi faɗi, ya yi laushi, ya cika da ruwa, ɗaci da ƙamshin da kuke nema su ragu. Ku murza ɗoɗɗoyar da ta ƙoshi da yuriya, ku murza wadda ta tashi a rana da takin gargajiya, hancinku zai raba gardama.

Abin da ya fi damuna shi ne taki a inuwa. Tsiro yakan zuƙi naitirojin a matsayin naitiret, kuma sai da hasken rana yake sarrafa shi ya zama abin gina jiki. Zogalen da ke ƙarƙashin mangwaro, aka kuma watsa masa yuriya, naitiret ɗin taruwa yake yi a ganye. Wannan ganyen ne fa za a dafa wa mai jego, a daka wa yaro a kunu. Inda rana ba ta kaiwa sosai, a rage hannu.

Kowane tsiro da halinsa. Citta da kurkum na jure inuwa kaɗan. Tazargade kuwa rana take so, kuma daga wani nau'inta ne Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015.

Kashin shanu ba ya wuya a ƙasar Kontagora. Ku tara shi ya ruɓe, yakan saki amfaninsa sannu a hankali. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. Ku riƙa juya wurin da wake ko gyaɗa, saiwarsu na ƙara wa ƙasa naitirojin. In yuriyar ta zama dole, a binne ta kaɗan a ƙasa mai laima, don ta sama iska ke kwashewa.

Don Allah, in kun tsinke, ku shanya a inuwa mai iska, bisa tabarma mai tsabta. Marasa lafiya sun amince muku, ku riƙe amanarsu tun daga gona.