Jirgin Japan na Kara a Rano: Marubuci, Ka Auna Kafin Ka Yanka



Bayan girbin bana na je gida Rano, na tarar da ɗan yayana ya mayar da zauren gidanmu makera. Kara a zube, kwali, gwangwanin madara da aka fasa aka miƙe, reza, gam da rular makaranta. Na ɗauka motar kara ce irin wadda muka yi muna yara, mai tayar tsohon silifa. Da na tambaya sai ya ce, "Baffa, jirgin yaƙin Japan ne, mai tafiya a ƙarƙashin teku." A wayar abokinsa ya ga bidiyonsa. Yaron nan babban ruwan da ya taɓa gani shi ne dam ɗin Tiga.

Mahaifinsa bai ji daɗi ba. Ya ce aikin banza ne, yaro mai jarrabawa a gabansa ya zauna wasa da kara. Na ce, "Yaya, ka ƙyale shi, abin da yake yi ya fi rabin littattafan da ake turo mini in duba." Ya yi dariya, ya zaci raha nake. Ni kuwa har zuciyata na faɗa, kuma ita ce maganar da na kawo muku yau.

Jirgin da yake kwaikwaya sunansa I-400. Japan ta ƙera shi a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. Tsawonsa mita 122, faɗinsa mita 12, kuma a duk yaƙin babu jirgin ƙarƙashin teku da ya kai shi girma. A bayansa akwai wani dogon ɗaki kamar bututu da ake adana ƙananan jiragen sama guda 3 samfurin Seiran, an naɗe musu fukafukai. Idan ya taso saman ruwa sai a fito da su, a buɗe fukafukan, a cilla su sama. An shirya 18, guda 3 kawai aka gama. Da farko mashigin ruwan Panama aka so su kai wa hari, daga baya aka sauya shiri, yaƙi ya ƙare a Agustan 1945 ba su kai harin ba. Amurka ta karɓe I-400, ta bincike shi, ta nutsar da shi kusa da Hawaii a 1946. Sai a 2013 aka gano gawarsa a ƙasan teku.

A ƙasashen waje kamfanoni irin su Tamiya na sayar da shi gunduwa-gunduwa na roba a kwali, an rage girmansa sau 350, mutum ya harhaɗa ya sami abin da bai wuce santimita 35 ba. Ɗanmu ba shi da kuɗin wannan. Sai ya zaɓi ya raba komai da 200. Tsawo ya koma santimita 61, faɗi ya koma 6. Na farkon da ya yi da ido ya yi shi, ya fito gajere mai ƙiba kamar tarwaɗa. Ya karya shi, ya ɗauko rula da biro. Ya lura cewa hasumiyar jirgin ba a tsakiya take ba, ta karkata hagu saboda ɗakin jiragen saman, sai ya cire tasa ya matsar. Na ce masa wa zai gane a Rano? Ya ce, "Ni zan gane."

To mu fa? Kowane mako a cikin wannan zaure da zaurukan WhatsApp muna karanta labarin da jarumi likita ne a Indiya, ko matuƙin jirgi a Dubai, ko soja mai babban muƙami yana ɗan shekara 25. Marubucin bai tambayi shekara nawa ake yi kafin a zama likitan tiyata ba, bai san jerin muƙaman soja ba, bai san awa nawa ake yi daga Kano zuwa Jidda ba. A kotun labarinsa alƙali na yanke hukuncin kisa a zama ɗaya. Kuma abin bai tsaya ga ƙasashen waje ba. Na karanta labarin da aka ce a ƙauyen Kibiya ya faru, amma ana girbin dawa a watan Yuli, lokacin da manomi ke fama da noman ciyawa. Wanda ya rubuta bai auna ba, da ido ya yi, irin jirgin ɗanmu na farko. Bambancin kawai shi bai karya nasa ba, ya sake shi har shafi 200.

Na san amsar da za a ba ni, domin an sha ba ni ita: ai labari ƙirƙira ne, ba littafin tarihi ba. Gaskiya ne. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam cike yake da abin da ba zai yiwu ba, haka Ganɗoki na Bello Kagara. Amma mai karatu ya san a ina yake tsaye, an gaya masa tun farko cewa duniyar al'ajabi ya shiga. Kai kuwa da ka ce labarinka a asibitin Kano yake, ka yi masa alkawarin Kano ta gaske. Ku duba Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ƙagagge ne, amma yadda ake kamun bayi da yadda ayari ke ƙetare sahara sun zauna daram, shi ya sa har yau ake karanta shi a makarantu. Ƙirƙira tana cikin mutanen da abin da ke ransu. Ƙasar da suke takawa kuwa sai an auna ta.

Wani zai ce bincike sai mai hali, mu ba mu da ɗakin karatu. Ɗan yayana data ta naira ɗari biyu ya riƙa saye. Kuma mafi yawan abin da marubuci ke buƙata a bakin mutane yake. Ma'aikaciyar jinya tana layinku, tsohon ɗan sanda yana majalisar ƙofar gida, direban Rano zuwa Kano zai ba ka labarin hanya kyauta idan ka zauna a gaba. Matambayi ba ya ɓata. Girman kai ne ke hana mu tambaya, da gaggawar a saki shafin gobe kafin masu karatu su yi ƙorafi.

Akwai abu na biyu da na koya a zauren nan. Idan aka raba komai da 200, mutum ba ya kai santimita ɗaya. Ƙusoshi da wayoyi ba za su ganu ba. Dole yaron ya zaɓi abin da zai sa: dogon jiki, ɗakin jiragen sama, hasumiyar da ta karkata, titin cilla jirgi a gaba. Sauran ya bar su, amma sai da ya san suna nan kafin ya bar su. Haka labari yake. Rayuwar shekara 40 za ka rage ta koma shafi 100. Wasu cikinmu idan suka yi ɗan bincike sai su juye shi duka a kan mai karatu, wasu kuma shafi uku suna lissafa kayan lefe da kalar labule, mutuwar uwa kuma layi biyu. Ma'auni ya karkace. Abin da ke da girma a rayuwa shi ya kamata ya fi cin wuri a takarda.

Mahaifin yaron ya yi wata tambaya da ta fi ta farko nauyi. Ya ce ina ruwan ɗan Rano da jirgin Japan? Nan ne na ga namu laifin. Akwai ruwanmu ƙwarai. A 1943 da 1944 Ingila ta kwashi rundunoni biyu na sojan Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, ta kai su Indiya ta teku, daga nan suka shiga dajin Burma suka gwabza da Japan. 'Yan Arewa na da yawa a ciki, Hausa kuma ita ce harshen bariki. Tekun Indiya da suka ƙetare, jiragen ƙarƙashin tekun Japan na farauta a cikinsa. Ranar 12 ga Fabrairu 1944 wani mai suna I-27 ya nutsar da jirgin Khedive Ismail, mutum sama da 1,200 suka halaka, da yawansu sojojin Afirka ta Gabas. Barikin Chindit a Zariya, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, duk daga wannan yaƙi suka samo suna. Muna wuce su kullum ba mu tambaya.

Biyi Bandele ya rubuta Burma Boy a 2007, jaruminsa yaro ne mai jin Hausa, amma da Turanci aka rubuta. Mu da harshen namu ne, mu da kakanninmu ne suka je, me muka rubuta? Tsofaffin sojan sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu na nan, sun ji labari a bakin murhu, wasu gidajen har lambar yabo tana cikin adaka. Shekara goma nan gaba su ma sai a nema a rasa. Haka labarin mutanen da aka tasa lokacin gina dam ɗin Tiga a zamanin Audu Baƙo, haka tarihin Rano kanta, ɗaya daga Hausa Bakwai. Bajapane ya adana zanen jirginsa har yaro a Rano ya iya ƙera shi daidai. Mu ba mu ajiye wa yaron nan abin da zai ƙera namu da shi ba.

Saboda haka ga aikin da nake roƙon kowa ya gwada kafin mako mai zuwa. Ɗauki shafi ɗaya cikin labarin da kake rubutawa, ki ɗauki naki ke ma 'yar uwa. A ja layi a ƙarƙashin duk abin da aka faɗa ba tare da an tabbatar ba: nisa, farashi, lokacin shuka, sunan magani, yadda ake shari'a. A nemi mutum ɗaya da ya san abin, a gaishe shi, a tambaye shi. Idan ya zama dole a yaga shafin, a yaga.

Jirgin yana nan a kan taga a zauren gidanmu, an shafe shi da fenti ruwan toka. Da zan taho na ba yaron kuɗin mota, na ce ya je Kibiya wurin wata 'yar uwarmu tsohuwa da mahaifinta ya je Burma, ya tafi da littafi da biro.

Allah ya yi mana jagora, ya albarkaci alƙalumanmu.