Ra'ayinmu: Wanda Aka Sallama Ya Karɓi Takardunsa

A shekarar 2023 kamfanonin GlaxoSmithKline da Procter & Gamble suka ba da sanarwar janye jiki daga ƙasar nan. Duk sa'ad da irin wannan ta faru, da 'yan'uwanmu direbobi da masu gadi da 'yan sito cikin waɗanda kan rasa abinci, galibi magidanta masu shekara arba'in da ɗoriya.

Abin da ke damunmu shi ne yadda mutumin Agege ko Sabon Ibadan zai yi wa kamfani bauta shekara ashirin, ranar sallama ya ce Allah ya isa, ya kama hanya hannu rabbana. To, sabon maigida a Ikko bai san mahaifinka ba, takarda yake tambaya. Kafin ka miƙa makulli, karɓi takardar sallama da ta shaidar aiki. Dokar Ƙwadago ta ba wanda ya shekara 5 a aiki notis na wata guda. Dokar fansho ta 2014 kuma ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba ya ciri kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa in ya yi wata 4 bai sami aiki ba.

Sa'an nan a sabunta takardar tarihin aiki. A rubuta irin motar da aka tuƙa, da sito nawa aka riƙe, da lambar wayar wanda zai tsaya maka. Kada a rage shekaru, lambar NIN za ta tona.

Muna roƙon sarakunan Hausawa su sa ɗalibanmu su riƙa rubuta wa iyayensu wannan takarda kyauta.